Allurar da Ta Jiyo Muryar Iya

To, ku gyara zama, kowa ya mayar da wayar nan aljihu. Shari'a za a ɗora muku a ƙarshen labarin nan, kuma wanda bai saurara ba kada ya zo daga baya yana tsoma mana baki.

A wani gari a ƙasar Gumel an yi wani malamin firamare mai suna Haladu. Shekara uku yana neman Ramlatu, 'yar maƙwabtansu. Tana sonsa, iyaye sun yarda, an kai lefe, an sa rana. Saura mako biyu a ɗaura aure, mata na zaune ana ɗaga zannuwan lefe ana guɗa, sai wata tsohuwa da ba wanda ya tambaye ta ta tofar da tukar goro ta ce, "Wai ni kam, ba Haladun nan ba ne aka riƙa kawowa gidan nan shan nono, shekarar da uwarsa ta kwanta?"

Wata tsohuwar kuma ta ce ƙwarai, ita ma ta sha ganin uwar Ramlatu tana karɓar jaririn a bakin ƙofa. Kafin la'asar magana ta gama gari.

Ga yadda abin yake. Da aka haifi Haladu, uwarsa ta yi ciwo mai tsanani, kwana arba'in ba ta san wanda ke kanta ba. A lokacin uwar Ramlatu tana goyon 'yarta ta fari, Kubura. In dai ita ce ta shayar da Haladu, to shi da Ramlatu wa da ƙanwa ne, aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Wa za a tambaya? Uwar Ramlatu ta rasu. Uban Haladu, Mamman, yana Kumasi wajen fataucin goro sa'ad da aka yi abin, can kuma ajalinsa ya same shi. Iya Tabawa, kakar Haladu, wadda ita ce ke ɗaukar jaririn da hannunta kowace safiya, ta rasu yana da shekara goma sha biyu. Uwarsa ta ce ita dai da ta farfaɗo an ce mata an shayar mata da shi a maƙwabta, ta yi godiya, ba ta bi diddigi ba. Uban Ramlatu ya rantse bai sani ba, wai shi a fadama yake wuni wajen noman rani.

Liman ya ce shi ba zai ɗaura aure a kan shakka ba. Uban Ramlatu ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen wata mai kamawa, in gaskiya ba ta fito ba zai mayar da lefe, kowa ya kama gabansa. Haladu ya rame, abin tausayi. Ya daina zuwa zance. Ran nan suka yi kiciɓis da Ramlatu a hanyar rijiya, ya rasa da wane ido zai dube ta, na masoyi ko na ɗan'uwa, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Da ya isa gida ya shiga ɗaki ya yi kuka, babba da shi.

To, mata uku ne suka fid da shi daga wannan rami. Ku riƙe sunayensu.

Ta farko Gwaggo Suwaiba ce, ƙanwar ubansa, mai ciwon gwiwa, wadda ko sallah a zaune take yi. Ita ta tuna abin da kowa ya manta. Iya Tabawa ba ta iya rubutu ba, saboda haka wasiƙunta ga ɗanta na Kumasi a kaset take yinsu. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A wancan zamani tsohuwa za ta ari rikoda, ta kori kowa daga ɗaki, ta zauna ta zazzage wa ɗanta labarin gida kaf, sa'an nan a ba direban motar goro ya kai. Gwaggo ta ce a ranta ba yadda za a yi a haifa wa Mamman ɗa, a shayar da shi a wani gida, Iya ta kasa gaya masa. Ta kuma san akwai akwatin Mamman da ta bari wajen mai masaukinsa a Zangon Kumasi, lokacin da ta je zaman makokinsa. Mai masaukin ya rasu, 'ya'yansa kuwa ba za su buɗe amanar mamaci ga wanda ba su taɓa gani ba. Ita kaɗai suka sani.

Ba ta gaya wa kowa ba, don kada ta sa wa yaron rai a banza. Ta ce za ta biki Zariya. Ta hau mota zuwa Legas, ta ƙetare iyaka uku da waɗannan gwiwoyi nata, ana sauke ta ana ɗora ta kamar buhun gero. A cikin akwatin ta tarar da kaset ya fi talatin, ba ko ɗaya mai rubutu. Amma Iya tana da ɗabi'ar naɗe kowane kaset da ƙyalle, sai ga wani a naɗe da gefen zanen goyon da ita Gwaggo ta saya wa Haladu da kanta. Ranar kwana na tara ta dawo, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ta aika aka kira Haladu, ta miƙa masa ƙullin ta ce, "Ungo, ɗan nan. Ban san abin da ke ciki ba. In alheri ne, to, in kuma ba shi ba ne, ka dai ji daga bakin kakarka." Sai da ta yi wata biyu ba ta taka ƙofar gida ba.

Haladu ya kwance ƙyalle. Shekara talatin cikin danshin ƙasar kurmi ba wasa ba ne. Fumfuna ta yi fari fat a jikin zaren kaset ɗin, ya manne da juna, ya tsinke a wurare, gidan kaset ɗin ma ya tsage. Wani abokinsa mai karambani ya ce a jefa shi a rikoda kawai a ji. Da an bi tasa, da rikodar ta tauna zaren, labari ya ƙare a nan.

Nan ta biyu ta shigo, Kubura, yayar Ramlatu, ita ce jaririyar da ake cewa sun sha nono ɗaya da Haladu. Kafin ta yi aure ta daɗe tana tsaron shagon kawunta mai sayar da kaset a bakin kasuwa, a nan ta koyi haɗa zaren da ya tsinke da reza da jan farce, ta koyi juya shi da biro. Sana'ar ta mutu tuntuni, amma hannu bai manta ba. Mijinta ya ce ta tsame hannunta, don in muryar ta fito ta tabbatar da zancen tsofaffi, ita za a ce ta kashe auren ƙanwarta. Kubura ta ce gara ta kashe shi da gaskiya da a bar su biyun suna mutuwa a tsaye.

Ta shimfiɗa farin zane a ɗaki, ta rufe taga, ta hana yara shiga. Ta ɓamɓare zaren daga jikin ɗan'uwansa kaɗan-kaɗan, tana goge fumfuna da auduga. Zaren kaset fuska biyu gare shi, mai ƙyalli da mai duhu, kuma magana a ɗaya take zaune, in ka haɗa shi a juye ko sau ɗaya ka binne abin da ke wurin. Wuri goma sha ɗaya ta haɗa, ba ta juya ko ɗaya ba, ba ta yanke fiye da faɗin farce ba. Kwana uku tana duƙe, idanunta suka yi ja, wuyanta ya ƙage. Ta zuba zaren a sabon gida ta ɗaure, ta ce wa Haladu, "Malam, nawa ya ƙare. Saura na Allah."

Aka taru a zaure, da liman, da uban Ramlatu, da dattawan unguwa, aka kunna. Sai ga murya tar: "Salamu alaikum, Mamman, ni ce Iya. Kana lafiya? Ya ya baƙunta?" Iya ta gaida mai masauki, ta ba da labarin damina da na akuyar da ta haifi uku. Kun san tsofaffi, ba sa fara magana da kanta. Tana cikin haka murya ta fara siririncewa tana sauri, tana ja da baya, tana ja da baya, har ta ɓace. Ba abin da ya rage sai shuuu, kamar ana sheƙar hatsi. Batirin rikodar aro ne ya mutu mata tana tsakiyar magana, ita kuwa ba ta sani ba. Aka murɗa ƙara har ƙarshe, shuuu ɗin ya cika zaure, ba kalma ko ɗaya. Aka canza rikoda uku, duk kanwar ja ce. Uban Ramlatu ya miƙe ya kaɗe riga ya ce saura kwana shida.

Ta uku Saudatu ce, 'yar kawun Haladu, taubashiyarsa. Tana aiki a wani gidan rediyo a birni, amma ba ta cikin masu magana, ba ku taɓa jin muryarta ba. Aikinta awon sauti. Kowace safiya kafin a buɗe tasha takan saki wani ƙara siriri da ba ya hawa ba ya sauka, ta bi na'urori ɗaya bayan ɗaya tana duba allurar mita, ta tabbatar kowace ta tsaya a kan layin da ya kamata. In allura ta shiga ja, murya za ta fashe a kunnen mai sauraro. In ta kwanta ƙasa, mutumin ƙauye ba zai ji komai ba. Akwai kuma abin da dangi duka suka sani ba a faɗa: Saudatu ta so Haladu tun suna yara, iyaye ma sun so a yi tuwona maina, shi ne idonsa ya tafi kan Ramlatu. Har lokacin ba ta yi aure ba.

Da kunya ya je mata, ranar Asabar da hantsi. Ta dube shi ta ce, "Kai bawana, haka soyayya ke cinye mutum? Dubi wuyanka kamar na zakara." Ta karɓi kaset, ta nemi izinin shugabanta, suka shiga wani ɗaki mai sanyi da aka lulluɓe bangonsa da soso. Ya ce mata sun ƙure ƙara ba su ji komai ba. Ta ce, "Kuskurenku ke nan. In ka ƙara murya, tsakuwa da tsaba duka kake ɗagawa. Nan ba da kunne ake farawa ba."

Ba ta ma kunna lasifika ba. Ta fara sakin ƙaran nan nata siriri ta daidaita mitar, yadda mai awo na kirki ke duba mudunsa kafin ya auna wa mutane. Sa'an nan ta juya kaset zuwa can ƙarshe, inda ba a ɗauki komai ba, ta auna shuuu ɗin zalla. Allura ta ɗaga kaɗan ta tsaya cak. Ta rubuta lambar a takarda. Ta dawo da zaren tsakiya, inda muryar Iya ta ɓace, ta sake aunawa. A idon Haladu allurar tana nan inda take. Saudatu ta murɗa wani maɓalli da ke sa mitar jin abu ƙanƙani, ta matso da fuskarta.

Ku lura da wannan wuri da kyau. A duk faɗin duniya ita kaɗai ta san abin da take gani. Da a ce ta ɗago ta ce, "Sai haƙuri, babu komai," ba mahalukin da zai ƙaryata ta, liman da kansa ya ji shuuu da kunnensa. Haladu yana kallon ƙeyarta, ya ga ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta ja numfashi ta ce, "Matso ka gani." Allurar tana ɗan rawa, rawar da ba ta fi kaurin gashi ba. Ta ɗaga, ta ɗaga, ta sauka, ta huta, ta sake ɗagawa. Saudatu ta ce, "A can ƙarshe ba ta motsi. Nan kuwa tana tsayawa ta huta. Iska ba ta tsayawa shan numfashi, Haladu. Mutum ne ke magana a ƙarƙashin nan."

Daga nan aiki ya fara. Ta ɗauki ɗan sukurudireba ta kama wani ƙaramin noti kusa da ƙarfen da zare ke gogawa, tana juya shi a hankali, idonta a kan allura, har ta sami inda allurar ta fi ɗagawa, ta bar shi a nan. Ta raba sautin kashi-kashi, daga mai kauri zuwa mai tsini, ta auna kowane kashi shi kaɗai. Inda allura ta tsaya cak ta rufe shi, don shara ce. Inda ta yi rawa ta bar shi a buɗe. Abin da ya rage shi ta ɗaga, a hankali, ba ta bari allura ta leƙa ja ba. Azahar ta yi suka fita suka yi sallah suka dawo. Sai a lokacin ta kunna lasifika.

Wata murya ta fito, siririya mai sauri, kamar ta sauro. Haladu ya ce wannan ba Iya ba ce. Saudatu ta ce ita ce, batiri da ya raunana ya riƙa jan zaren a hankali, shi ya sa yanzu take gudu. Ta ɗora hannu a kan maɓallin gudu ta ce, "Wannan kam mita ba ta san shi ba. Kai ka san muryarta. In ta zo ka gaya mini." Ta riƙa ragewa. Muryar ta yi ta kauri, ta yi ta nutsuwa, har Haladu ya daka tsalle ya ce, "Tsaya! Tsaya nan!"

Iya Tabawa ce, daga nesa kamar tana cikin rijiya, amma kowace kalma ana jinta. Tana cewa, "Yaron kuwa kada ka damu, ya sami nono. Uwar Kubura ta so ta ba shi, na hana, nata ko 'yarta bai isa ba, ko sau ɗaya ban bari ba. Matar malamin gona da ke haya a gidansu, Asabe, ita Allah ya kawo mana. Nata ɗan ya koma kwana uku da haihuwa, nono na zuba. Ta roƙe ni kada a yi ta yaɗawa, ba ta son ana tuna mata. Uwar Kubura ce ke karɓarsa a ƙofa ta kai mata ɗaki. In ka zo ka yi mata alheri, Mamman, ta zama uwarsa."

Haladu ya zube ƙasa ya yi sujada a kan simintin nan mai sanyi. Wayyo, daɗi! Ya ɗago yana dariya hawaye na zuba. Saudatu ta kwafe muryar a waya ta miƙa masa, ta ce ya tashi ya ba ta wuri kafin ya jiƙa musu na'ura. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Liman mutum ne mai taka-tsantsan, ya ce a nemo Asabe. Uban Ramlatu sai yanzu ya tuna da malamin gonan, har da garin da aka mayar da shi. Aka same ta da ranta, ta tsufa. Da aka kira ta a waya aka ambaci sunan Iya Tabawa, kafin a tambaye ta komai ta ce, "Ina ɗana Haladu? Ya rayu?" Ta shaida ita kaɗai ta shayar da shi har uwarsa ta warke. Saura kwana biyu wa'adi ya cika aka ɗaura aure. Tsohuwar nan da ta tayar da zancen ita ta fi kowa guɗa, ba kunya ba tsoron Allah.

Shekara ta zagayo, Ramlatu ta haifi 'ya mace. Tun ranar ɗaurin aure Haladu ya yi alkawari a gaban jama'a cewa 'yarsa ta fari sunan wadda ta cece shi za ta ci. A lokacin farin ciki ya rufe masa ido, bai tsaya ya ƙirga su ba. Yanzu ga jaririya, ga rago a ɗaure, suna jibi. Kada wani mai wayo a cikinku ya ce a sa Tabawa, Iya tana da takwara huɗu a gidansu. Asabe kuma ta ce ita a jira namiji a sa sunan mijinta marigayi. Kada kuma a ce a haɗa suna uku a kan yarinya ɗaya, liman suna ɗaya yake raɗawa.

Haladu ya zauna a ƙofar ɗaki yana jin kukan 'yarsa, yana juya abin. Ba don Gwaggo Suwaiba ta ja gwiwoyinta ta ƙetare ƙasa uku ba, da kaset na can Kumasi fumfuna na cinsa. Ba don Kubura ta duƙa kwana uku ba, tana sane da cewa wataƙila auren ƙanwarta take yankawa da reza, da ba zaren da za a auna. Ba don Saudatu ta iya karanta rawar allura ba, ta kuma faɗi abin da ta gani alhali shiru ya fi mata riba, da har gobe shuuu ake ji. Ba ɗaya a cikinsu da ta zo ta roƙa. Gwaggo dai ta aiko da zanen goyo, Kubura na tsakar gida tana dama kunun mai jego, Saudatu kuma ta bugo waya ta ce a gaya wa bawanta tana tafe ranar suna.

To, ga ku ga Haladu. Jibi da safe liman zai sunkuyo ya tambaye shi. Suwaiba, ko Kubura, ko Saudatu: sunan wa zai faɗa?